Zauren Tarihi: In Gani Ya Kori Ji, Me Ya Sa Shaidun Yaƙi Suke Saɓawa?

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan wata, ɗaya daga nan Tawa, ɗaya daga Yamai. Na ɗan rage tsawonsu saboda wuri, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Ta farko daga wani matashin malamin kwaleji ce, mazaunin unguwar Wadata:

"Assalamu alaikum Baba Mushe. Ina gajiya, ya ƙarfin jiki, ya iyali? Da hutu na je Yamai, na sayi wani tsohon littafi jika biyu wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa. Labarin yaƙin ƴancin Amurka ne, amma ba irin wanda muka saba da shi a lakwal ba. Wasiƙun sojoji aka tattara, da abin da suke rubutawa kullum don kansu, da shaidar da suka bayar gaban alƙali. Na ji daɗinsa har na riƙa raba dare a kansa. Sai dai ya ruɗa ni. A karon farko na yaƙin, mutanen gari sun rantse sojan Ingila ne suka fara harbi, hafsoshin Ingila kuma suka ce su aka fara harbi. Kuma dukansu suna wurin. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. To wa zan gaskata? Kuma ya dace in kai wa yara irin wannan littafi cikin aji, ko in tsaya ga littafin lakwal?"

Wa alaikumus salam ɗana. Lafiya lau, jiki alhamdu lillahi. Jika biyun nan ba ka yi asararsu ba.

Karin maganar da ka kawo gaskiya ce, amma ga wanda ya gani da idonsa. Ni da kai ba mu je garin Lexington ba. Wanda ya gani ya faɗa, wani ya rubuta, wani ya zaɓi abin da zai buga ya bar saura, wataƙila wani ya fassara, sannan littafin ya yi ta yawo har ya faɗo kan tabarmar ɗan kasuwa a Yamai. Ganin wancan, a wajenka ji ne. Tun da ji ne kuwa, sai a yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane labari. Malamanmu na hadisi sun riga kowa wannan aiki: ba su karɓar ruwaya sai sun san mai ita, sun san gaskiyarsa da ƙarfin riƙonsa, sun kuma tabbatar ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa. Ban daidaita wasiƙar soja da hadisi ba, Allah ya tsare. Tarbiyyar kunne nake nufi, kuma muna da ita a gida.

Bari mu zauna kan safiyar da ta ruɗa ka. Ranar 19 ga Afrilu 1775 ce. Sojan Ingila kimanin 700 suka fito daga Boston cikin dare za su garin Concord don su lalata makaman da ƴan ƙasa suka ɓoye. Gari bai gama wayewa ba suka iske ƴan sa-kai saba'in da ƴan kai tsaye a filin Lexington, ƙarƙashin Kyaftin John Parker. Bindiga ta tashi. Kafin hayaƙi ya washe mutum 8 na garin sun mutu, 10 sun ji rauni. Ka tuna bindigar zamanin ta albarushi ce, irin ta ƴan tauri da maharba, harbi ɗaya hayaƙi ya rufe gaba, ga duhun asuba, ga dawaki na haniniya, ga hafsoshi na ihu. Kowa abin da ke gaban hancinsa ya gani.

Yanzu dubi yadda shaidar ta samu. Cikin kwanaki kaɗan majalisar ƴan tawaye ta yankin Massachusetts ta aika mutane suka rantsar da shaidu, suka rubuta, suka ɗora takardun kan wani ƙaramin jirgin ruwa mai sauri. Ya isa Ingila kusan mako biyu kafin rahoton Janar Gage, kwamandan sojan Sarki. Jaridun Landan suka buga labarin ƴan tawaye tun gwamnati ba ta da abin cewa. Wato takardun nan makami ne a yaƙin. Abin da ake buƙata a lokacin shi ne duniya ta ga an far wa mutane ba su ji ba ba su gani ba, don haka shaidun suka nanata cewa suna watsewa aka harbe su, maganar ramuwa kuwa kusan ba ta fito ba. A ɗaya ɓangaren, Manjo Pitcairn da ya jagoranci sojan gaba ya ce daga bayan wata katanga aka fara harbi. Shi ma yana da wuyan da yake karewa, domin an ba shi umurnin kada ya fara.

Abin da ya fi burge ni a wannan labari ya zo ne bayan shekara 50. A 1825 garin Lexington da garin Concord suna jayayya kan wane ne ya fara tsayawa gaban Ingila da makami, domin abin ya zama abin alfahari. Aka koma wajen tsofaffin da suka rage, aka sake ɗaukar shaidarsu. A wannan karon sai ga su suna ƙarfafa cewa ai sun rama harbi, ba su tsaya kallo ba. Fili ɗaya, safiya ɗaya, gari ɗaya. Tambayar ce ta sauya, da abin da mai tambaya yake son ji. Ni ban ɗauke su maƙaryata ba. A 1775 sun rufe baki kan wani yanki na gaskiya, a 1825 suka buɗe shi, wataƙila suka ɗan ƙara masa gishiri irin na tsufa.

Cikin shaidun duka, na fi jingina da irin ta wani ƙaramin hafsan Ingila, Laftana John Barker, wanda ya rubuta a littafin aljihunsa don kansa. Ya ce daga ɓangaren ƴan gari aka yi harbi ɗaya ko biyu, amma ya kuma yarda cewa sojansu sun afka ba da umurni ba, sun fita hayyacinsu har ba su jin hafsoshi. Mutumin da ya faɗi abin da ke zubar da mutuncin ɓangarensa, a takardar da ba don alƙali ko jarida ya rubuta ba, maganarsa tana da nauyi. Duk da haka har yau masana ba su yanke wanda ya fara harbin ba, kuma littafin da ya bar maka tambayar a buɗe ya fi wanda ya rufe ta da ƙarfi amana. Kai ɗan Tawa ne, ka san filin kokowa. Dubban idanu na kallo, rana tsaka, amma a tashi ana gardama ko kaye ya tabbata, ƴan wannan jiha su ce sun gani, ƴan waccan su ce sun gani. To ina ga asuba da hayaƙi da tsoron mutuwa?

Wannan darasi ba a jami'a na fara koyonsa ba, a ɗakin kawuna ne, Allah ya jiƙansa. Tsohon soja ne. Faransa ta ɗauke shi kafin mu samu ƴancin kai, ta kai shi Aljeriya cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba 1954 ya ƙare a 1962. Yana da akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Ciki akwai littafinsa na soja da suke kira karne, ya yi laushi kamar tsumma saboda yawan naɗewa, da lamba guda da ƙyallenta ya koɗe, da hoton samari huɗu cikin manyan riguna, uku daga ciki ba mu san sunansu ba. Sau uku na ji labarin yaƙin nan daga bakinsa, kuma kowanne daban.

Muna yara, da dare a tsakar gida, labarin sanyi yake ba mu. Yadda ƙanƙara ke sauka kan duwatsu kamar an barbaɗa gari, yadda ruwan gora ke daskarewa, yadda suke ɗuma gwangwanin sardin cikin hammata kafin su buɗe. Yakan cire takalmi ya nuna mana yatsan ƙafar da sanyi ya cinye rabinsa. Na biyu, na raka shi wajen mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, zai nemi haƙƙinsa na fansho. Nan sai na ga wani mutum daban: ya miƙe zaune, ya jero lambar runduna da shekaru da sunayen wurare, babu sanyi, babu sardin, sai rauni da biyayya. Na uku, shekara guda kafin rasuwarsa, bayan sallar isha'i, daga ni sai shi. Ya ce an tura su binciken wani ƙauye, suka kifar da tulunan hatsin mutane suna neman makamai. Wata tsohuwa ta tsaya ta zuba masa ido, ta yi magana da harshenta, bai gane komai ba sai kalma ɗaya: Musulmi. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce da harshensa na Adar: "Ɗana, abin da nig gani da yawa, abin da nika iya hwaɗi kaɗan na."

Duka ukun gaskiya ne. Da marubuci ya same shi a bakin gidan waya, littafi ɗaya zai fito. Da ya same shi a wancan dare, wani littafin ne.

Na kawo maganar fansho ne da gangan, domin yawancin muryoyin ƙananan sojoji da ke cikin irin littafinka ta wannan ƙofa suka shigo. A 1832 majalisar Amurka ta yi dokar biyan duk wanda ya yi aƙalla wata shida a yaƙin. Yawancinsu ba su da takarda, sai aka ce kowa ya je kotu ya ba da labarin aikinsa bisa rantsuwa. Yaƙin ya ƙare tun 1783, shekara 49 ke nan, masu maganar tsofaffi ne ƴan saba'in da tamanin. Fayil kimanin 80,000 na fansho da kyautar fili suna ajiye a ma'ajiyar takardun ƙasarsu. Dukiya ce babba, don da yawansu ba su iya rubutu ba, da ba don dokar ba da labarinsu ya bi su kabari. Amma mai neman fansho ba zai ce ya gudu daga fagen daga ba, kuma watannin aikinsa ba za su ragu a bakinsa ba.

Abin da na lura da shi cikin shekarun karatuna shi ne, shaidar ido ta fi ƙarfi a kan ƙananan abubuwa, ta fi rauni a kan manya. Tambayi soja yawan abokan gaba ko dabarar janar, zai ba ka abin da ya ji a sansani. Tambaye shi abin da ya ci, ba zai yi kuskure ba. Akwai wani Joseph Plumb Martin da ya shiga soja a 1776 yana ɗan shekara 15, ya kai har ƙarshen yaƙin, ya buga labarinsa a 1830 ba tare da sa sunansa ba, yana da shekara kusan 70. Ya tuna ranar godiya da aka yi a Disamba 1777, suna dab da shiga sansanin Valley Forge, inda rabon kowane soja ya kasance shinkafa kimanin cikin ƙaramin kofin shayi da cokali guda na binegar. Ya tuna yadda ya ɗinka wa kansa takalmi da ɗanyar fatar saniya, da yadda ake bin sawun marasa takalmi ta jinin da suka bari kan daskararriyar ƙasa. A sansanin nan, cikin mutum kimanin 12,000, kusan 2,000 suka mutu, akasari cuta ce ta kashe su. Littafin lakwal zai ba ka adadin. Kofin shinkafar kuwa sai wanda cikinsa ya yi kuka. Amma ka riƙe cewa Martin ya rubuta ne yana tsoho matalauci, zuciyarsa cike da ɗacin yadda ƙasar ta manta da su, kuma ɗacin yana cikin tawadar.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi damuna da irin waɗannan littattafai: wa aka bari a waje? Duba littafinka ko akwai muryar bawa. A Nuwamba 1775 gwamnan Ingila na Virginia ya yi shelar ƴanta bayin ƴan tawaye da suka gudo suka kama masa yaƙi, kuma dubbai sun tsere zuwa ɓangaren Ingila kafin yaƙin ya ƙare. Ɗaya daga cikinsu, Boston King, ya bar labarinsa, aka buga a 1798. Ya ce da aka yi sulhu kowa ya yi murna ban da su, domin jita-jita ta bazu cewa za a mayar da su ga iyayengijinsu, kuma sun ga tsofaffin iyayengiji suna damƙe mutane a titunan New York. Yana cikin baƙaƙe kimanin 3,000 da jiragen Ingila suka kwashe zuwa Nova Scotia a Kanada ta yau a 1783, kuma a 1792 ya bi ayarin kusan mutum 1,200 da suka taso zuwa Saliyo suka kafa Freetown. Ga yaƙin ƴanci, ga mutumin da ƴancinsa yake wajen waɗanda aka ci. In littafinka bai sa irinsa ba, ba ƙarya ya yi maka ba, amma ya rufe maka taga guda.

Batun aji kuwa, kai musu. Kada ka yar da littafin lakwal, shi ne ke riƙe da shekaru da jerin abubuwa, kuma a kansa za a yi jarrabawa. Na san littafi ɗaya ba zai zagaya yara tamanin ba. Rubuta gajerun shaidu biyu a allo, ta ɗan gari a dama, ta hafsa a hagu, kowace da shekararta da wanda aka faɗa wa ita. Ka bar su su yi gardama. Za ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba ya miƙe yana tambaya ko mai maganar nan a gaba yake tsaye ko a baya.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai:

"Baba, barka da aiki. Kullum in ana maganar shaidar ido a tarihi, misalan Nasara ake kawowa. Mu ba mu da namu ne? Kakata ƴar Ƙwanni ce, takan ce ta ga shekarar ƴan Sawaba, amma da na matsa mata da tambaya sai ta ja bakinta ta yi shiru. Me zan yi?"

Barka kadai ƴata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Muna da su, kuma tun kafin Nasara su tako ƙasar nan.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, nan cikin jihar Tawa ta yau, kusa da Galmi. Jihadin da ya biyo bayan hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a Fabrairu 1804 ya bar mana rubutun waɗanda suka riƙe takobi da hannunsu. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya ja runduna a Tabkin Kwatto cikin Yunin wannan shekara, ya tattara waƙoƙinsa da bayaninsu a Tazyinul Waraƙati a 1813. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, shekara huɗu bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Abin da ya ƙara wa littattafan nan daraja a idona shi ne ba yabon kai kaɗai ke ciki ba. Abdullahi ya soki wasu mutanen jama'arsu da suka karkata ga dukiya da sarauta, har ya bar su ya nufi gabas da niyyar Makka, a Kano aka tsayar da shi. Bello kuma ya kwafe wasiƙun Shehu al-Kanemi na Borno da ke tuhumar hujjar yaƙin, ya sa su cikin littafinsa tare da amsoshinsa. Ke da kike mace, ki nemi waƙoƙin Nana Asma'u, wadda aka yi ƙaurar nan da ita tana yarinya, ta kuma tsara labarinta daga baya.

Amma waɗannan duka muryar waɗanda suka ci nasara ce. Gobirawa ba su bar mana littafi irin na Bello ba. Nasu labarin yana bakin makaɗa da dattawan fada a Tibiri, garin da suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kamar yadda na Katsinawa yake a Maraɗi. Mu ƴan Nijar Allah ya ajiye mu inda za mu iya jin ɓangarorin biyu da kunnenmu, kuma kaɗan ne cikinmu suke yin hakan. Kina Yamai, ki shiga sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, wanda Boubou Hama ya aza harsashinsa, ki kuma leƙa CELHTO da aka kafa don adana tarihin baka. Ki karanta aikin masanin tarihi Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Nasara, ki ga yadda ake auna maganar tsofaffi da takarda. Ba banza jami'ar garinmu take ɗauke da sunansa ba.

Shirun kakarki kuwa, kada ki ɗauke shi mantuwa. Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, ya kira a jefa "a'a" a ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan zama tare da Faransa, aka haramta jam'iyyarsa a 1959, a Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba suka shigo ta kan iyakoki, har da wajen Ƙwanni, a Afrilu 1965 kuma aka jefa gurneti a filin Idin Babbar Salla a Yamai da nufin Shugaba Diori Hamani. Kame da tsoro suka biyo baya, maƙwabci na tsoron maƙwabci, gida ɗaya ana samun ɗan wannan ɓangare da ɗan wancan. Wanda ya rayu a wannan lokaci ya koyi riƙe harshe, kuma irin wannan koyo ba ya fita da sauƙi. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana bin tsofaffin ƴan Sawaba gari-gari yana sauraronsu, littafinsa ya fito da Ingilishi a 2013, daga baya aka mayar da shi Faransanci. Ki karanta shi, kina sane da cewa waɗanda suka sha wuya ne suka fi magana a cikinsa, kuma bayan shekara kusan arba'in.

Kada ki je wa kaka da takarda da biro kamar ɗan sanda. Ki zauna kusa da ita tana tsinkar zogale, ki sa hannu ki taya ta. Kada ki ce "ba ni labarin Sawaba". Tambaye ta nawa ake sayar da tiyar hatsi a shekarar, auren wa aka yi, wane ɗa take goyo, ina maza suke kwana, wa ya daina zuwa kasuwa. In ta yi shiru ki yi shiru, ki dawo gobe. Ki nemi izninta kafin ki kunna rikoda ta salula, in ta ƙi ki kashe a gabanta ta gani. Da kin koma ɗaki ki rubuta abin da kika ji da kalmominta, kada ki gyara mata Hausa, ki sa kwanan wata da wurin da kuka zauna da waɗanda ke kusa lokacin da take magana. Sunayen mutanen da ta ambata ki bar su a littafinki, jikokinsu suna raye a Ƙwanni. In ta yarda a buga wani abu daga ciki, ki aiko mini, zan ba ta shafin nan gaba ɗaya.